Ƙanƙarar da Malam Ya Tsinto Mini

Ranar Alhamis labarin ya iske ni. Ina ɗakin girkin gidan abincin da nake aiki a unguwar Belleville, cikin Paris, hannuna cikin albasa, saura kwana tara in ajiye aikin gaba ɗaya. Sai ga Hajiya Maimouna, maƙwabciyata a unguwarmu ta Goutte d'Or, ta shigo ta ƙofar baya. Shekara ashirin muna hawa bene ɗaya, ba ta taɓa zuwa wurin aikina ba.

Ta ce, "Raliatou, wanke hannunki. Malam ya ɗan faɗi, Najla ta ce mu zo."

Na ce, "Ya faɗi a ina?"

"A gida. An kai shi likita. Taho, jirgin ƙarfe huɗu za mu kama."

Muna zaune cikin jirgin ƙasa ta buɗe jakarta za ta ɗauko carbi, sai na ga ta zo mini da kayan sawa kala uku, da hijabina mai ruwan toka, da takalmin alwalata. Wanda za shi duba mara lafiya ya dawo ba ya ɗaukar kaya haka. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta yarda mun haɗa ido ba. Awa biyu muka yi ina kallon gonaki ta taga. Da muka sauka a Lyon na hango ɗiyata Najla tsaye da rigar aikinta ta likita, idanunta a kumbure. A nan na tabbata mijina ya rasu.

Sunansa Salifou. Shekara talatin da uku ina aurensa ban kira sunan nan ba, Malam nake cewa. Ɗan Damagaram ne, wato Zinder, ni kuma ƴar Maraɗi. Shekara ashirin da shida ya yi yana aiki a Rungis, babbar kasuwar da ake sarin abinci, wajen ƴaƴan itace. Aikinsa ya ware lemu da tuffa, manya gefe, ƙanana gefe, ya rufe akwati ya manna takarda da kwanan wata. Aikin ya bi shi har gida. Ko ragowar miya na sa a firigo, sai in iske an manna mata rana da wata. Wata rana na ce, "Malam, ni ma ka manna mini takarda mana." Ya ce, "Ke kwanan watanki ya goge, ba a iya karantawa."

Da ya ajiye aiki muka sayi ƙaramin gida a Vénissieux, gefen Lyon, don mu zauna kusa da Najla. Ɗaki biyu a ƙasa, ɗaya a sama ƙarƙashin rufi, da ɗan fili a baya. Tsohon gida ne, amma namu. Shi ya riga ni tafiya tun watan huɗu, yana fenti, yana shuka yakuwa da kuɓewa. Ni na tsaya in cika watana a wurin aiki. Mun riga mun gaya wa mai gidanmu na Paris ƙarshen watan shida za mu ba shi makulli, har an sami masu shiga. Kayana duk na tura su gaba, har da akwatuna uku na zannuwa, ciki da waɗanda Inna ta bar mini.

Ranar Talata da la'asar ya kira ni yana dariya.

"Rali, kina jin wannan?"

Na ji kamar ana juye tsakuwa a kan tasa. Na ce, "Mene ne haka?"

"Ƙanƙara ce. Kamar ƙwan kaza. Ku ƴan Maraɗi taku ai tsabar gero ce, zo ki ga ta manya."

"To tsinto mini, tun da taka ce."

Da wasa na faɗa. Muna yara, in ƙanƙara ta sauka, da gudu muke fita da ƙwarya muna tsinta. Kakata takan karɓe rabi ta zuba a kwalba, ta ce ruwanta magani ne. Na sha ba shi labarin nan.

Bayan awa ɗaya ya sake kira, dariyar ta ragu. Ya ce tuwil da yawa sun fashe, wato jajayen fale-falen ƙasa da ake rufa gidaje da su a nan. Tagar ɗakin sama ma ta fashe, ruwa yana shiga. Yakuwarsa kuwa an daka ta tun kafin a tsinke.

Na ce, "Zannuwana fa suna sama. Kar ka bari su jiƙe, har da na Inna."

Ya ce, "Ba ki tambayi kaina ba, sai zannuwa."

"Kanka ai ya fi tuwil tauri."

Ya yi dariya. Ni na faɗi maganar nan, da bakina.

Laraba ya kira kamfanin asirans ɗinmu, abin da ƴan Najeriya ke ce wa inshora. Ya gaya mini sun buɗe takarda, za su turo mutum ya duba. Masu gyaran rufi kuma duk an kama su, sai bayan mako uku, ga shi an ce ruwa zai dawo ranar Juma'a. Ya sayo bash, babbar ledar da ake rufawa. Ya ce amininsa Alhaji Moctar, mai shagon kaya a Lyon, zai zo Alhamis ƙarfe biyu ya riƙe masa tsani. Na ce ya jira shi. Ya ce to.

Ƙarfe biyu da rabi matar maƙwabcinmu ta gan shi kwance a gindin tsanin. Wayarsa tana aljihu, ta farfashe a ƙarƙashinsa. Bash ɗin ya rufe rabin rufin.

An yi jana'iza ranar Litinin, aka binne shi a nan, gefen musulmi. Liman ya ce in zaɓi inda zan yi takaba, wata huɗu da kwana goma. Babu abin zaɓa. Ɗakin Paris ya riga ya tafi. Na zauna a gidan da ban taɓa kwana cikinsa da mijina ba.

Rana ta uku, mutane sun ɗan ragu, na buɗe gidan ƙanƙara na firigo zan ɗauko nama. Can ƙasa na taɓa wata roba mai murfi, irin wadda nake zuba masa dambu. An naɗe ta da farin sikoc, wato salatif, an yi rubutu a kai da baƙin alƙalami, daga wannan gefen murfin har wancan. Rubutunsa ne. Ya sa ranar Talata, da wata, da ƙarfe huɗu da minti ashirin, da lambar gidanmu. A ƙarshe ya sa Rali.

Na girgiza ta a hankali, na ji abu yana ƙara a ciki. Na mayar da ita, na ɗora jakar kuɓewa a kai, na rufe. Ban gaya wa kowa ba. In an buɗe, sai an yanka rubutun. Kuma abin da ke ciki ba ya son iskar duniya.

Kafin sadakar bakwai Alhaji Moctar ya tara maza, su takwas har da shi, duk mutanenmu, direbobi da ƴan kasuwa da wani ɗalibin jami'a. Tun da safe na ji su a sama. Hajiya Maimouna ta ce, "Gayya suka yi miki. Alhaji ya ce ba za a ce matar Salifou tana takaba ruwa yana zuba mata ba." Sun samo tuwil na hannu daga wani gida da aka rushe, suka cire fasassun suka jera waɗannan. Suka toshe tagar da katako. Suka kwashe tarkacen duka a motar Alhaji zuwa wurin zubar da shara, suka share fili tas, har suka shafa farin fenti a inda ruwa ya yi tabo a ɗakin sama, don kar masu zuwa gaisuwa su gani. Ko ruwan shayi da ƙyar suka sha. Na yi ta sa musu albarka ta bayan labule. A garinmu haka ake yi, kuma wanda bai zo ba shi ake zagi.

Mako uku bayan haka mutumin asirans ya zo, wanda suke ce wa ekisper. Dattijo ne mai sanƙo, da tsaninsa na ninkewa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba. Ni ina ɗaki, Najla ce ke magana da shi, amma ƙofa a buɗe take, kuma faransancina ya isa in gane.

Ya hau, ya daɗe, ya sauko. Ya ce, "Ina fasassun tuwil?"

Najla ta ce an zubar.

"Hotuna?"

"Suna cikin wayar babana. Ta farfashe."

"Faktir fa, takardar biyan wanda ya yi gyaran?"

"Abokansa ne suka yi."

Ya ce ranar da maigidan ya kira, an gaya masa ya ɗauki hoto, ya rufe rufin, amma kar a zubar da komai, kar a gyara komai sai an zo an gani. Malam kaɗai ya ji wannan maganar, ya tafi da ita.

Mutumin bai yi mana tsawa ba. Ya ce shi abin da idonsa ya gani yake rubutawa. Abin da ya gani kuwa tsohon rufi ne da aka yi wa faci, a ƙarƙashinsa katako a jiƙe, ba ya iya cewa na wata ɗaya ne ko na shekara biyar. Ya ce takardar masu auna yanayi ta nuna ƙanƙara ta sauka a yankin, amma inda aka auna ƙanana ce, irin wadda ba ta fasa lafiyayyen tuwil. Manyan a wasu tituna suka faɗi, suka tsallake wasu. In tsufa ne ya ci rufin, asirans ba ta biya.

Da ya tafi Najla ta kira Alhaji Moctar. Ya zo bayan la'asar ya zauna a falo, ni ina bayan labule. Tonton take ce masa, wato kawu.

Ta ce, "Tonton, wa ya ce ku zubar?"

"To a bar miki tarkace a ƙofar gida, baƙi na shigowa daga Paris da Marseille?"

"Nan ba Zinder ba ce. Nan tarkacen shi ne shaida."

"Shaida? Mu takwas muka gani da idonmu. Mu ba mutane ba ne?"

"Ku abokansa ne. Ba za su karɓa ba."

"Wato da mun kasance maƙiyansa sai su karɓa."

"Tonton, ba wasa nake ba."

"Ni ma, ƴata. Ranar sunanki ni na riƙe ragon, ya take ni a nan, har yau da tabo. Yanzu kuma ni za ki koya wa yadda ake yi wa mamaci hidima."

Na ce daga ciki, "Najla, ya isa. Kawo wa kawunki ruwa."

Ta kawo. Ta zauna ta dafe kai ta ce, "Da ko hoton ƙanƙarar guda ɗaya muke da shi, a ga girmanta."

Ina ji. Firigon yana nan taku biyar daga inda nake zaune. Na ci gaba da jan carbina.

Ba zan ce ban gane ba. Na gane sarai. Amma a raina, in na nuna musu, za su sa ta a jaka su kai ofis, ta narke a hanya, su rubuta lamba a takarda su ce sun gode. Rigunansa an raba wa mabuƙata, haka addini ya so. Wayarsa ta mutu tare da shi, ko muryarsa ba ni da ita. Wannan robar ce abu na ƙarshe da ya yi mini da hannunsa, ya sa sunana.

Rani ya wuce lafiya. Cikin watan tara ruwa ya dawo, kwana huɗu yana sauka. Tuwil ɗin da suka jera ba girmansu ɗaya da na da ba, ruwa ya sami hanya. Farin fentin ya kumbura ya yi ruwan ƙasa. Na jera bokiti biyu da tukunya a ɗakin sama. Wata safiya ina salla na ji abu ya faɗo, na hau na iske rufin ciki ya ɓallo, faɗinsa ya kai tabarma, ga warin rima.

Najla ta kawo mai gyaran rufi ya duba. Ya ce sai an kware gefe ɗaya gaba ɗaya, in ba haka ba gidan ba ya zaunuwa da sanyi. Abin da ya ce a biya ba mu da shi, duk abin da Malam ya tara yana cikin bangon gidan.

Ta ce, "Maman, na rubuta musu, sun yarda ekisper ya dawo sau ɗaya. In bai canza magana ba, mu sayar. Ki dawo wurina."

"A bene na tara?"

"Akwai asansar, ba da ƙafa za ki hau ba."

"Yakuwar babanki ta sake toho. Kin gani?"

Ta juya tana wanke kofin da yake a wanke.

Saura kwana biyu mutumin ya dawo, Alhaji Moctar ya zo shi kaɗai da buhun shinkafa. Ya zauna a kujerar bakin ƙofa, muka gaisa ta labule.

Ya ce, "Maman Najla, akwai maganar da ban gaya miki ba. Ƙarfe biyu na ce masa. Kaya suka iso mini shago, na ce bari in sauke tukuna. Ƙarfe huɗu na zo. Na iske tsanin a tsaye, an riga an tafi da shi." Na ji ya gyara zama. "Shi ya sa na kasa ganin rufin nan a buɗe. Ko wace safiya na bi ta titin nan sai ya dube ni. Na ce a rufe, a kwashe, kar in ƙara gani. Ban yi tunanin wata asirans ba."

Na ce, "Alhaji, ni na ce masa kar zannuwana su jiƙe."

"Zannuwa? Ai tun ranar Talata ya sauko da su. Da na kira shi da yamma yana nishi, ya ce akwatunan Rali sun fi na Rungis nauyi. Ba ki gan su ƙarƙashin gado ba?"

Na gan su. Wata uku ina kwana a kansu. Na ɗauka masu gayya ne suka sauko da su.

Ya ce, "Ba don zane ya hau ba. Kin san shi. Ya taɓa ganin abu a buɗe ya bari?"

Na ce, "Ko murfin tukunya."

Muka yi ƴar dariya, shi a waje ni a ciki, sannan kowa ya yi kukansa. Da zai tafi na ce ya dawo jibi, ina so ya kasance.

Ranar ta zo. Ekisper ya sake cire takalminsa, ya hau ya ga inda ya ɓallo, ya ɗauki hoto. Ya sauko ya ce wa Najla ya ga ɓarnar, ya kuma ji tausayi, amma babu sabon abu game da dalilinta. Ya fara ninke tsaninsa.

Na ja hijabina na fito. Tun da aka fara takaba ban tsaya gaban baƙon namiji ba. Na wuce su na buɗe firigo, na ɗaga jakar kuɓewa, na ɗauko robar na ajiye a kan tebur.

Najla ta ce, "Maman, mene ne wannan?" Sai ta ga rubutun. Ta toshe bakinta da hannu.

Na ce, "Gaya masa babanki ne ya rufe ta, ranar da abin ya sauka. Ba wanda ya buɗe. Gaya masa ba za ta bar gidan nan ba."

Mutumin ya sa tabarau ya karanta. Ya ɗauki hoton murfin ta kowane gefe. Ya tambayi aikin da maigidan yake yi, Alhaji Moctar ya ce Rungis, shekara ashirin da shida. Ya gyaɗa kai. Ya fito da ƴar wuƙa, ya dube ni. Ya nemi wurin da babu harafi, tsakanin wata da ƙarfe huɗu, ya yanka a nan.

Jaka uku ne a ciki, kowace a ɗaure. Ya ware su yadda yake ware lemu, ƙanana, matsakaita, manya, kowace da lambar girmanta a jiki. Sai guda ɗaya ita kaɗai a naɗe cikin leda, ta fi duka. Fara ce, da ƙuraje a jikinta kamar gwandar daji, cikinta da zobe-zobe. A kan ledar ya rubuta da hausa: ki nuna wa ƴan Maraɗi.

Alhaji Moctar ya karanta da ƙarfi, ya juya ya fuskanci bango.

Ekisper ya nemi faranti. Ya ɗora babbar, ya auna ta da wani ƙarfe mai baki biyu, ya ce ko bayan wata uku a firigo ta wuce santimita biyar. Ya ɗauki hoto. Ya ɗauko wata ya auna, ya sake ɗauko wata. Ɗakin da ɗumi, muna mutum huɗu a tsaye. Ina kallon babbar tana sheƙi, ruwa yana taruwa a ƙarƙashinta, ƙurajen jikinta suna shafewa ɗaya bayan ɗaya. Ban ce ya yi sauri ba, amma ina jin ya gane, don da kansa ya mayar da su ya danne murfin ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce irin wannan tana fasa sabon tuwil ma. Ya ce zai sake rubutu, amma ba shi ke yanke hukunci ba.

Da suka fita raka shi, na tsaya ni da farantin. Ruwan bai fi cokali biyu ba. Na ɗaga na shanye. Sanyi ne kawai, da ɗan ɗanɗanon ƙasa. Kakata ta ce magani ne, ban san na mene ba.

Najla ta dawo ta same ni zaune. Ta ce, "Wata uku, Maman. Kina ji ina kuka a waya da mutanen nan."

Na ce, "Ina ji."

"Da ba ki fito da ita ba fa?"

"Da kin sayar da gidan, na hau bene na tara da robata."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ni bai bar mini komai da sunana ba." Na tashi na buɗe firigo na ciro jakar matsakaitan na ba ta. Ta riƙe ta a ƙirji har rigarta ta jiƙe, na ce ta kawo a mayar kafin ta kashe su. A nan take ajiye su har yau, cikin roba ta daban.

Takardar ta zo bayan na fita takaba da mako ɗaya. Sun yarda da tuwil, da taga, da rufin ciki. Katakon ƙasa suka ce rabinsa tsufa ne, wannan namu ne, Najla ta ɗauki nauyinsa. Masu gyara suka zo cikin watan sha ɗaya da motarsu da igiyoyinsu. Alhaji Moctar ya rufe shagonsa kwana uku ya zo ya riƙe musu tsani. Sun ce masa a ɗaure yake, ba ya buƙatar riƙo. Ya ce ya ji, bai saki ba.

Yanzu shekara biyu ke nan ina gidan. Ruwa ba ya zuba. Yakuwar tana fitowa duk bazara, ina aika wa Hajiya Maimouna a Paris, tana cewa ta kasuwa ta fi tsami don ta ja ni da faɗa. Zannuwan suna ƙarƙashin gado, ban mayar da su sama ba. In hadari ya haɗu ya yi baƙi, ina shiga ɗaki in rufe taga, ba na son jin ƙarar farko a kan rufi.

Ƙanƙarar tana raguwa. Ba narkewa take ba, ƙanƙancewa take a hankali ko ba a taɓa ta ba. Najla ta ce haka sanyin firigo yake cin ta. Ƙananan sun zama gari. Babbar da ta kai ƙwan kaza yanzu ba ta fi goro ba. Na sake naɗe robar da sabon sikoc a ƙasan nasa, ban rufe ko harafi ɗaya ba.

Kullum in na idar da sallar asuba, kafin in ɗora ruwan shayi, sai in buɗe firigon in ɗaga jakar kuɓewa. Ba na buɗe murfin. Ina ɗora yatsa a kan sunana, in ce, "Malam, an tashi lafiya." Sai in rufe da sauri, kar sanyin ya fita.